Kunnen Aska a Birnin Garaza

A zamanin Sarki Jatau na Garaza, an yi wata shekara da mazan birni suka daina aski. Ba annoba aka yi ba, ba kuma wani malami ne ya hana ba. Haka kawai sai ka ga dattijo da girmansa ya tara suma kamar mahaukacin kasuwa, ya danna hula a kai, yana tafiya yana susa. Fatake idan sun shigo su yi ta dariya, su tambayi dalili, a ce musu ai sanyi ake ji. A tsakiyar bazara fa.

Dalilin kuwa kowa ya san shi, kowa kuma ya san mai shi, wato Waziri Mantau.

Bara waccan ne Kwandarawa, waɗanda ke hayin Gulbin Tsamiya, suka kawo hari, aka tarar an zare sakatar Ƙofar Arewa daga ciki. Madawaki Barmo, shugaban mayaƙan Garaza, shi ya tare su a lungun marina, aka gwabza har ruwan karofi ya sake launi, ya kore su da kyar. Amma an yi asarar maza, cikinsu har da ƙanen Sarki. Da aka zauna a fada bayan an share makoki, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, ganuwa tana tsare mu daga na waje. Me ke tsare mu daga na ciki? Akwai mutumin da babu zauren da ba ya shiga a garin nan. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, kuma duk wanda ya sunkuyar masa da kai sai bakinsa ya saki. A umarci wanzamai, kowace ranar kasuwa su kawo wa fada abin da suka ji."

To, Garaza tana da wata al'ada tun kaka da kakanni. Idan wanzami ya gama aski, yakan tattara gashin, ya tona ƙasa a bayan zaure ya rufe, ya ce wa mai gida, "Na binne da abin da na ji." Saboda haka mutum yakan faɗa wa wanzaminsa abin da ba zai faɗa wa matarsa ba. Sarkin Aska Gambo ya tuna wa fada wannan, murya ƙasa-ƙasa. Aka ba shi alkyabba da doki, muryar ta ƙarasa ɓacewa.

Gaskiya ɗaya ce, dabarar ta yi aiki da farko. Ba a daɗe ba aka kama wanda ya zare sakatar, wani surukin mai gadin ƙofa da ya yi alfahari ana yi masa gyaran fuska. Gari ya ɗauka, maroƙa suka sa wa Waziri kirarin Kunnen Garaza, shi kuwa ya ji daɗin abin har cikin ransa. Daga nan sai aka ga ai mata ma suna magana, aka sa masu kitso. Aka ga ana magana a ɗakin haihuwa, aka sa ungozomomi. Aka ƙara doka cewa duk wanda aka ji ya san wani abu game da Kwandarawa, dole ya faɗi wanda ya gaya masa, in ya ƙi, hukuncinsa na maci amana ne, Hauni, mai zartar da kisa, zai kai shi bakin kasuwa. Wannan dokar ma daga bakin Waziri ta fito, kuma shi da kansa ya tsara kalmominta.

Mutane ba wawaye ba ne. Suka kama bakinsu, suka bar kansu ya yi gashi. Wanzamin da ya zo fada hannu rabbana sai a fara yi masa kallon mai ɓoye wani abu, don haka wanda bai ji komai ba yakan ƙago ɗan abin da zai kawo. Fada ta cika da labarai, babu na kamawa.

Mutum ɗaya ne cikin manyan gari kansa ke sheƙi kullum, shi ne Madawaki Barmo. Ya ce shi bai ga abin da zai sa ya yi ƙwarƙwata don tsoron aska ba. Yana zama a gaban wanzami ya yi ta zuba kamar yadda ya saba, har da ba'a ga Waziri, domin su biyun tare aka yi musu kaciya suna yara, bukka ɗaya suka yi jinya, kuma a Garaza babu zumuncin da ya fi wannan ƙarfi. Abin da ba a gaya wa Barmo ba, Mantau ne ya roƙi Sarkin Aska ya riƙa zuwa gidan Madawakin da kansa. Ya yi haka ne don Sarki ya ga bai ware kowa ba, ko da amininsa ne. A lokacin gani yake adalci ya yi.

Wata safiya aka buga tambari, majalisa ta cika. Galadima a dama, Waziri a hagu, hakimai sun jeru, kowa rawaninsa ya yi tudu saboda sumar da ke ƙasa. Aka kira Sarkin Aska, ya durƙusa, ya ce ya ji Madawaki yana cewa ruwan gulbi na janyewa, Kwandarawa suna auna mashigai da gora, kuma kafin damina za su ƙetaro.

Sarki Jatau ya dubi Madawaki. "Ka faɗi haka?"

"Na faɗa, Zaki. Da ma yau nake shirin kawo maganar gabanka."

"Wa ya gaya maka?"

"Mutanen da ke kwana a kan ruwa, Allah ya ja zamaninka. Gulbi ba shi da ganuwa. Suna sayar da kifi a wannan gaɓa, suna sayarwa a waccan, abin da idonsu ya gani su kawo mini. Da su na san harin bara waccan kafin ya iso marina."

"Sunayensu nake tambaya."

Madawaki ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "Toron giwa, kaina naka ne, takobina naka ne. Amma na ci gishirin mutanen nan a kan ba zan kira sunansu ba. In na kira, yau za su kwana a gidan Yari ana tambayarsu me ya kai su hayi. Gobe kuma babu mai sake gaya mana komai, sai dai mu ji Kwandarawa a bakin ƙofa."

Galadima, wanda ya daɗe yana jin haushin farin jinin Barmo, ya gyara murya ya ce doka dai doka ce, kuma wanda ya san abin da maƙiyi ke yi a gidansa, lallai akwai hanyar da ke tsakaninsu. Hakimai suka yi ta gyaɗa kai, ba don sun yarda ba, sai don kowa na tsoron a ga nasa kan bai motsa ba.

Sarki ya juya hagu. "Waziri, kai ka tsara dokar nan. Me ta ce?"

Nan ne Mantau ya kamata ya yi magana. Ya san Barmo kamar yadda ya san tafin hannunsa, ya san ko duniya za ta taru ba zai sayar da Garaza ba. Amma ya ga idan ya ce a yi wa amininsa sassauci, Galadima zai ce kunnen Garaza yana toshewa idan aka zo kan na gida. Ya ga kuma idan ya ce dokar ce ba daidai ba, to duk waɗanda Hauni ya riga ya kai bakin kasuwa suna wuyansa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ba na Sarki ba, na wannan lissafin.

"Allah ya ba ka nasara," in ji shi, "dokar ta ce wanda ya ƙi faɗin suna maci amana ne. Sai dai ina roƙo a tsare shi tukuna, ko zai sake tunani."

Dogarai suka kwance wa Madawaki takobi. Da za a fita da shi bai dubi Sarki ba, bai dubi Galadima ba, Mantau ya duba, kuma ba da fushi ba. Da fushi ne da ya fi sauƙi.

Waziri ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya zauna a zaure, ya tashi, ya shiga turaka, ya fito. Matansa suna ganinsa suka yi shiru, sai ya tuna ai a gidansa ma an daina hira tun da mai kitso ta zama 'yar fada. Kunya ta rufe shi. Washegari da hantsi ya tafi gidan Yari, ya ce a buɗe masa.

Ya tarar da Barmo zaune a kan tabarma, mari a ƙafa, yana korar ƙuda.

"Kunnen Garaza da kansa," in ji Barmo. "Ka zo ji ne, ko ka zo gani?"

"Barmo, don Allah ka faɗi suna ɗaya. Ko na wanda ya riga ya mutu ne. Ni zan san yadda zan yi da sauran."

"Ka ji ka. Har ka koyi sana'ar wanzamanka, a ƙago a kawo." Ya yi 'yar dariya, sannan fuskarsa ta canza. "Zauna, Mantau. Ka tuna a bukka, da ka yi kuka da tsakar rana kana kiran innarka, wa ya ji?"

"Kai."

"Wa na gaya wa?"

Waziri ya zauna a gefen tabarmar.

"To haka gari yake zama. Kowa yana riƙe da ɗan kukan wani. Kai kuma ka zo ka ce a kawo maka su duka a faifai." Ya matso, marin ya yi ƙara. "Bar wannan. Mashigai biyu ne doki zai iya bi idan ruwa ya janye, na Kuka da na Farin Yashi. Ɗaya za su yi mana wasa da shi, ɗaya su bi da rundunar gaske. Masunta sun ce za su gaya mini wanne ne, sai kuka kama ni. Ka je Unguwar Koma da kanka, ba da dogarai ba. Wataƙila su ji tausayin garin, ko ba su ji naka ba."

Mantau ya kama hannunsa. "Ni na tura Gambo gidanka."

"Na sani. Hannunsa rawa yake yi duk ranar da ya zo, har ya yanke ni a bayan kunne. Tashi ka tafi, rana na yi."

Waziri ya hau doki shi kaɗai, ya fita ta Ƙofar Gulbi, ya kwana a hanya, ya isa Unguwar Koma da safe ranar kasuwar birni. Mutanen suka fito suka zube suna gaisuwa. Ya sauka, ya zauna a kan kututture kamar kowa, ya ce ba a matsayin Waziri ya zo ba, ya zo ne a matsayin abokin Barmo. Ya tambaye su labarin hayi.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya tambayi Sarkin Ruwa ko an ga baƙi suna auna gulbi.

"Mu dai kifi muke gani, ranka ya daɗe."

Ya rantse musu da Allah, ya rantse da kabarin mahaifinsa, cewa babu sunan da zai kai fada. Suka saurare shi da ladabi har ya gama, suka ce Allah ya ƙara wa Waziri girma. Wata tsohuwa da ke kwashe banda daga kan wuta ta miƙo masa kifi a ganye, ta ce ya ci, hanya da nisa.

Sai ya bar tambaya ya fara kallo. Babu kwalekwale ko ɗaya a gaɓa, an janye su an ɓoye. Rumbuna a buɗe, babu hatsi. Babu akuya, babu kaza, babu yara, sai tsofaffi da 'yan mazan da suka rage suna ɗaure kaya. Gari guda ya san ranar, ya san mashigin, ya kwashe nasa ya nasa, kuma babu wanda ya taka zuwa birni ya faɗa. A da, kafin ƙurar dokin maƙiyi ta tashi, labari ya riga ya isa zauren Madawaki ta bakin mai tallan kifi. Mantau ya gane ba Kwandarawa ne suka toshe wannan hanya ba, shi ne.

Ya saki linzami bai tsaya ba sai ƙofar fada, doki na kumfa. Rana ta take tsaka, majalisa na zaune. Ya shiga da ƙurarsa, ya cire rawaninsa da hannunsa ya ajiye a gaban Sarki, abin da ba a taɓa gani ba. Sumarsa ta bayyana, domin shi ma, mai dokar, ya daɗe bai yarda aska ta hau kansa ba.

"Allah ya ba ka nasara, na zo in kai ƙarar kaina. Na ce maka zan sa wa garin nan kunne, ashe bakinsa na ɗinke. Talakawanka sun san yaƙi na zuwa, sun gwammace su gudu da su faɗa maka, don duk wanda ya faɗa sai an tambaye shi inda ya ji. Madawaki bai ci amanarka ba. Ni na san haka tun ranar da ka tambaye ni, na yi shiru don in tsira da girmana. A sake shi yanzu, a ba shi takobinsa, ni a sa mini marin."

Sarki Jatau ya juya dama. Sannan ya ce, "Galadima, gaya masa abin da kunnuwansa suka kawo."

Galadima ya ce mai kai wa fursunoni ruwa ya ji Waziri yana ce wa Madawaki ya ba da sunan ƙarya, shi zai san yadda zai yi da sauran. Mai gadin Ƙofar Gulbi kuma ya ga Waziri ya nufi bakin ruwa shi kaɗai, ba dogari, ba zagi. Duk gaskiya ne, babu kalma ɗaya ta ƙage. Mantau ya ji maganarsa ta dawo masa daga bakin wani, ya ji yadda ta yi kama da cin amana, ya tuna sau nawa shi ma ya zauna a wannan wuri yana sauraron maganar wasu haka.

"Ka roƙa a tsare shi ko zai sake tunani," in ji Sarki. "Na tsare shi. Da na ji kun haɗa kai, sai na ga jira ya ƙare. Hauni ya fita da shi tun ɗazu."

Kafin Waziri ya buɗe baki, kugen yaƙi ya ɗauka daga kan ganuwa. Wani ɗan saƙo ya faɗo cikin fada ba sallama, kibiya a kafaɗarsa, ya ce Kwandarawa sun ƙetaro, sun ƙone sansanin bakin gulbi, 'yan bakan da ke can sun yi harbi har kwarinsu ya ƙare, an bi ta kansu. Hayaƙi na tashi ta wajen Kuka, yana tashi ta wajen Farin Yashi, ba a san inda rundunar take ba.

Sarki ya miƙe tsaye. "A tsayar da Hauni! A kawo mini Madawaki!"

Sarkin Dogarai ya fita a guje. Da ya dawo ba gudu yake yi ba. Yana tafe Sarkin Aska Gambo na biye da shi, zabira a rataye, idanunsa sun yi ja. Sarkin Dogarai ya durƙusa ya ajiye hular Barmo kusa da rawanin Waziri.

Mantau ya rarrafa ya kama gefen alkyabbar Gambo. "Kana wurin?"

"Ya roƙa a yi masa aski kafin a fita da shi, ranka ya daɗe. Ni na yi masa."

"Ya bar mini magana? Ya ce wani abu?"

"Tun yana saurayi nake jin muryarsa a ƙarƙashin aska. Yau ne kaɗai na gama bai ce uffan ba. Na tattara gashin zan binne, sai na rasa abin da zan ce na binne da shi."

Sarki Jatau ya koma ya zauna. Ya dubi Galadima, Galadima ya dubi ƙasa, domin bakinsa ya fi takobinsa kaifi, kowa ya sani. Sai Sarki ya sa aka ɗauko takobin Madawaki, ya tura shi da ƙafa zuwa gaban Waziri.

"Ɗauki. Hukuncinka ya jira. Kai ka san abin da kowane namiji a garin nan yake faɗa a ɗakinsa. Je ka ka ja su."

Waziri ya fita kai ba rawani, takobin amininsa a hannu, nauyinsa ya fi yadda ya zata. A filin Ƙofar Gulbi mayaƙa sun taru, barade da 'yan lifidi a gaba, dakaru da 'yan baka a baya, suma na leƙowa ta ƙarƙashin kowace hula. Sun riga sun ji abin da aka yi a bakin kasuwa. Da Barmo ne ya fito, da ihunsu ya girgiza ganuwa. Shi kuwa Waziri, sai suka bi shi da ido kawai.

Rundunar Garaza ba ta isa a raba ta biyu ba. In ya nufi Kuka alhali maƙiya na Farin Yashi, kafin ya juyo sun shiga gari. Ya dubi dakarun, ya gane fuskoki da yawa, 'ya'yan masunta ne, iyayensu ne suka ba shi kifi a ganye da safe. Ya tabbata a cikinsu akwai waɗanda suka san amsar tun kwanaki.

Ya ɗaga murya. "Mazan Garaza, na yi muku laifi, kuma zan amsa shi gaban Allah da gabanku. Amma yanzu 'ya'yanku na bayan ganuwar nan. Wanda ya san mashigin da suka bi da runduna, ya faɗa."

Babu wanda ya motsa. Hayaƙin biyu na ƙara kauri. Ya sake roƙo.

Can daga baya wani dakare mai furfura a gemu ya ɗan ɗaga mashinsa, ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, sannan ya yi magana cikin ladabi, yadda aka koya wa kowa a shekarun nan.

"Ranka ya daɗe, in an faɗa, wa za a ce ya faɗa?"